Ban Yafe Wa Daktorar Da Ta Kwantar Da Ni Ba

Wata goma sha ɗaya ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya ko aure na yi, ko an mayar da mu Najeriya, ku yi haƙuri. Ciwo na yi. Ciwon damuwa, wanda ba a son kiran sunansa a gidajenmu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ruƙayya. A unguwar Karantina, nan ƙasa mai tsarki, aka haife ni, Baba yana aikin sito a tashar jiragen ruwa. Ni ce ta farko a gidanmu da ta shiga kulliya, ina karatun aikin jinya a wata makarantar kuɗi wajen Aziziyya. Duk ajinmu, baƙaƙen fata mu biyu ne, ni da ƙawata Safiyya.

Akwai wata malama da muke ce wa Daktora. Ba zan faɗi sunanta ba. Ta san kanta, kuma ina fatan a kai mata wannan ta karanta.

Ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum sai dai "ya takruniyya", sunan rainin da suke kiran baƙar fata irinmu da shi. In na zauna a layin gaba, sai ta ciro turare ta fesa, 'yan aji su tuntsire da dariya. Na shanye har shekara guda.

Sai ta ba mu aikin bincike. Sati uku na yi a kansa. Ranar da ta dawo da takardu ta ɗaga tawa sama ta ce, "Wa ya rubuta miki wannan? Irinku goge-goge kuke yi a asibiti, ba rubutu ba." Ta ba ni sifiri, ta rubuta cewa satar aiki na yi.

Washegari ina shiga motar makaranta ƙirjina ya fara dukan tara-tara. Hannuna na rawa, numfashi ya ƙi. Na sauka na yi amai a bakin titi.

Haka kullum. Abinci ya fita raina, barci ya gudu. Na rame har abayata tana ja a ƙasa. Daga baya na daina tashi daga katifa, wanka ma sai Umma ta yi da gaske.

Umma ta ce kambun baka ne. Aka yi ruƙiyya, na sha rubutu, na shafa man zaitun. Na gode da addu'ar, amma ciwon bai motsa ba.

Ranar da na faɗi a tsakar gida, Yaya Usman, babban wana, ya ce, "Halas, ya isa haka, asibiti za mu." Suka yi gwajin zuciya, suka ɗebi jini kwalba huɗu, suka duba maƙoshi. Komai lafiya. Likitar, wata 'yar Sudan, ta ja kujera ta zauna kusa da ni ta ce, "Ya binti, 'yata, wa ya taɓa ki?" Na fashe da kukan da na shekara ina riƙewa.

Ta tura ni sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Baba ya tsorata. "Kada a rubuta mata hauka a fayil, a ƙi sabunta mata iƙama, takardar zaman ƙasa." Likita ta ce masa ba hauka ba ne, kuma maganar tsakaninmu take. Ganin likita da maganin ba su da arha, Baba ya ƙara aikin Juma'a, ranar hutunsa, saboda ni.

Ƙwaya ɗaya kullum da safe. Satin farko jiri, bushewar baki, tashin zuciya. Na ce zan daina, Yaya ya hana. A sati na biyar na ji yunwa, na cinye farantin ful, dafaffen wake, ni kaɗai, Umma tana kallona tana hawaye. Duk Talata kuma ina zama da mai ba da shawara, muna magana minti arba'in.

Da ƙarfina ya dawo, fushina ya dawo tare da shi.

Umma ta ce, "Ki bar ta da Allah, mu baƙi ne." Na ce, "Umma, na bar ta da Allah, amma sai na kai ta gaban mutane tukuna."

Na tattara duk rubutun farko na binciken da hannuna, da saƙonnin da na riƙa tura wa kaina, kowanne da ranarsa. Safiyya ta yarda ta yi shaida. Wasu Larabawa biyu 'yan ajinmu ma suka sa hannu, abin da ban zata ba. Na kai ofishin shugabar kulliya.

Kwamiti ya zauna. Suka yi mini tambayoyi a kan binciken, na amsa ba tare da duba takarda ba. Daktora tana gefe, hannunta na rawa a kan jakarta. Wallahi na kalli hannun nan na ji daɗi, kuma ba zan ɓoye ba.

Aka goge sifirin. Aka sa ta ba ni haƙuri a gaban ajin. Ta ce, "Ruƙayya, ki yafe mini." Na ce, "Na ji." Da shekara ta ƙare ba a sabunta mata kwantiragi ba.

Har yau ina shan magani, likita ta ce a hankali za mu rage. Na koma aji, a layin gaba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Umma da Baba, da Yaya Usman da ya yi ta jigila da ni, da Safiyya, da likitar da ta zauna ta saurare ni.

'Yan'uwana ɗalibai, in ƙirjinku na bugawa don za ku shiga aji, in barci da abinci sun gagara sati biyu, ku je asibiti. Ku yi addu'a, ku sha magani, kada ku daina sai likita ya ce. In kun ji kamar ku cutar da kanku, ku faɗa wa wani a ranar. Duk wulaƙancin da aka yi muku, ku rubuta shi da rana da shaidu.

Yafiya kuma taku ce, kada kowa ya ƙwace muku ita da ƙarfi. Tawa tana hannuna, ban bayar ba.