Layar Mangwaron Na Allah

An haifi Lalla a Tasawa a 1943, a gidan masu matsar man gujiya, wato gyaɗa, kuma sana'ar da ta riƙe ke nan har ƙarfinta ya ƙare. A ƙuruciyarta akwai garkar kumandan, Baturen da ke mulkin garin, a bakin tafki, inda Turawa ke gwada itatuwa: lemo, gwaiba, da mangwaro goma sha ɗaya, kowane da ɗan allon ƙarfe mai sunansa. Duk garin babu inuwa mai sanyi kamar ta wurin. Mai kula da garkar, Na Allah, yakan bar yara su shiga su tsoma ƙafa a hanyar ruwa. Sharaɗinsa ɗaya ne. Ya rataya jar laya a babban mangwaron, yana cewa, "Duk wanda ya tsinke mini ɗa ɗanye, nasa ma ɗanye zai faɗi."

Lalla na da shekara tara ta tsinki ɗanye guda, ta cinye a bayan rijiya. Ba ta gaya wa kowa ba.

Shekarar samun 'yancin kai aka kai ta Mayahi, gidan mijinta Sule mai jakunan dakon gujiya. Cikin fari ya zube a wata biyar. Na biyu ta haihu, yaron bai kai suna ba. Da na uku ya shiga wata bakwai, a bazarar 1966, sai Lalla ta bi ta rame. In ɗan ya ɗan jima bai motsa ba, sai ta ji tsamin mangwaron nan ya dawo mata a haƙora. Ta ce wa Sule za ta je gaida gida, ta hau babbar mota mai komawa Tasawa. Duk hanya hannunta na kan ciki, tana tunanin in Na Allah ya mutu, wa zai kwance maganarsa?

Da ƙyar ta gane wurin. An share rabin garkar an jibge buhunan gujiya, hanyar ruwa ta cika da rairayi, mangwaro uku suka rage. Amma layar tana nan, ta yi baƙi ƙirin, tana lilo. A gindin itacen akwai tabarma, a kanta wani tsoho yana tufkar igiya.

Ta durƙusa nesa da shi. "Baba, ɓarauniya ce ta kawo kanta."

"To, uwargida, me kika sata? In zuciyata ce, ta tsufa, riƙe abinki."

Ba ta yi dariya ba. Ta faɗa masa duka, har da ƙananan kaburbura biyu. Na Allah ya ajiye igiyar. Ya sa sanda ya sauko da layar, ya zaro wuƙa.

"Baba, kada ka buɗe! Don Allah!"

Ya farke fatar. Ya warware wata takarda da ta yi ja don daɗewa, ya miƙa mata. Hoton karas ne, irin takardar da iri ke zuwa a ciki daga Faransa.

"Ba malamin da ya taɓa ta, ɗiyata. Ni na naɗe, baduku ya ɗinke. Bulalar kumandan nake tsoro, shi ya sa na tsorata ku." Idonsa ya kawo ruwa. "Na yafe miki. Ke ma ki yafe mini bakina."

Ya tsinko nunanne ya sa mata a hannu. Ta riƙe, ta kasa kai wa baki. Tana nan durƙushe sai ɗan ya harbe ta a haƙarƙari, da ƙarfi.

A farkon damina ta haifi mace, aka sa mata Rashida. Ta rayu, ita ce ma ta gaji turmin matsar. Ƙwallon mangwaron kuwa Lalla ta shuka shi a tsakar gida a Mayahi, yaran unguwa suna tsinka yadda suka ga dama, ɗanye da nunanne, ba ta taɓa tsawata musu ba. Ita dai har ta rasu ba ta ƙara sa mangwaro a baki ba.