Ranar da Kura Ta Ci a Hannuna

Da aka ce an samo min aiki a Madina, na ɗauka shara zan yi kusa da Harami. Ashe kura zan yi wa hidima. Wani attajiri ne yake da lambu a bayan kwarin Aƙiƙ, ya tara barewa da jimina da birai, yara suna zuwa kallo ran Juma'a da yamma. Can ƙarshen lambun akwai wata tsohuwar kura mai ɗingishi, warinta kan riga ta yi maka sallama.

Mai kula da ita wani dattijo ne ɗan Maraɗi, kowa Baba yake ce masa. Shi ya raine ta tun tana ƙarama, ba ta kuma cin nama sai daga hannunsa. In wani ya jefa mata, sai ta bar shi ya ruɓe. Taurin kan nan nata ne ya riƙe Baba a Madina, don ya tsufa, ga tari, mai lambu kuma ya gaji da sabunta masa iƙama, takardar zama.

Ranar farko mai lambu ya faɗa min a gaban Baba, ko kunya babu: in kura ta saba da ni, Baba zai koma gida, in ta ƙi, ni zan koma. Ina da mata da 'ya'ya a Kano. Shi kuwa Baba ba abin da yake roƙon Allah sai ya cika a garin Manzo, a binne shi a Baƙi'a.

Na zaci zai ɓoye min yadda ake yi. Da ni ne, da na ɓoye. Sai ga shi ya tuɓe rigar aikinsa mai gumi ya ba ni.

"Sa wannan, ɗana. Ka zauna ka ba ta baya, kada ka kalli idonta."

"Baba, ka san abin da kake yi wa kanka?"

"Na sani. To in na faɗi gobe, wa zai ba ta? Yunwa ce za ta kashe ta a gaban yara."

Haka muka yi ta zama a bakin keji, rana tana gasa duwatsu, yana yi mata magana da Hausa a hankali kamar mai lallashin jika. Kullum na miƙa nama ina fatan ta karɓa, ina kuma tsoron ta karɓa. Na tsani aikin nan, na tsani mai lambu, wani lokaci har Baba nakan ji haushinsa saboda kirkinsa.

Wata safiya ta matso, ta shinshina hannun rigar, ta fizge naman. Ban yi murna ba. Baba ya ce madalla, ya tashi ya tafi wanke kwano. Mai lambu da ya ji labari, kalma ɗaya ya ce: "Halas." Wato an gama.

Ranar da za a kai Baba filin jirgi, ya zo da jakarsa ya tsaya a bakin kejin. Na riga na ba ta abinci. Ya kira ta, ya sake kira. Ko kai ba ta ɗaga ba, tana ta gwaguyar ƙashi. Na so in nemi gafararsa.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ka rage mata ƙashi, ɗana. Haƙoranta sun tsufa."

Bai kai azumi ba a Maraɗi. Can aka binne shi. Kurar kuwa har ƙiba ta yi a hannuna.