Igiyar Gara da Takardar Saratu

Ni dai tun ina ƙarama aka san ni da riƙo. Idan abu ya shiga hannuna sai an yi da gaske kafin ya fita, ko da ɓawon gyaɗa ne. Kakata ta wajen uba, wadda kowa a unguwarmu ta Kagoma yake kira Kaka Ladi, ita ta fara gano wannan hali nawa, kuma ba ta taɓa ɗaga mini hannu a kansa ba. Da tatsuniya take yi mini horo. Na fi shekara talatin ban gane cewa horo ne ba.

Gidanmu gidan manoman citta ne. Idan an haƙe citta bayan damina, aiki ya dawo tsakar gida ke nan: a wanke, a tsaga kowace gida biyu, a baza a kan dutse ta bushe. Da an ci tuwon yamma sai Baba ya hura wuta kusa da rumbu, a zube tulin citta a tsakiya, kowa ya ɗauki wuƙarsa. Mu yara ba abin da muka tsana kamar aikin nan, don citta tana cin hannu, idan kuwa ka manta ka sosa ido, ka shiga uku. Kaka ta san haka. Sai ta tura gwaza cikin toka, ta gyara zama a kan 'yar kujerarta, ta ce, "Baƙuwa ta iso bakin ƙofa, wa zai ce ta shigo?" Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo mu ji ta!" Amma da sharaɗi. Wuƙar mutum ɗaya ta tsaya, tatsuniya ta tsaya. Haka tsohuwar nan ta sa muka tsaga buhunan citta ba adadi muna dariya.

Da yarenmu take yawancin tatsuniyoyinta. Sai idan Hadiza ta shigo, ƙawata, 'yar maƙwabcinmu Malam Sule mai awon hatsi, sannan ta juya Hausa domin baƙuwa. Hausar Kaka ta kasuwa ce da ta coci, ba ruwanta da raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai, a irin wannan yammacin na ji ta, Hadiza na gefena tana tsaga citta ba don an sa ta ba.

Wai a zamanin da, mutane ba su san gini da laka ba. A bukkar ciyawa suke kwana, ruwa ya jiƙa su, gobara ta cinye. Gara ce kaɗai ta iya kwaɓa ƙasa ta yi ginin da ruwan sama ba ya rusawa. Tana da ma'aikaci guda, Zanzaro, shi ke ɗebo mata laka daga rafi, shi ke shafe bango. A lokacin Zanzaro kakkaura ne, ƙugunsa kamar turmi. Ya yi mata aiki shekara da shekaru, har ran nan ya durƙusa ya gode mata, ya ce yana so ya je ya kafa nasa gidan, kuma abin da ya gani a gidanta ba zai faɗa wa kowa ba.

A nan Kaka take tsuke baki ta ƙanƙance murya. "Gara ya ce, 'Ehh? Ka ci abinci na, ka ga asiri na, yanzu ka ce za ka tafi? Ba inda za ka!'"

Gara ta samo igiyar rama ta ɗaure Zanzaro a ƙugu, ta ɗaura ɗaya bakin a jikin suri. Duk ranar da ya sake maganar tafiya sai ta ƙara tamkewa. Ƙugu ya yi ta tsukewa har ya koma kamar zare, shi ya sa har yau yake haka. Abin da Gara ta manta, 'ya'yanta ba abin da ba sa ci. Wata safiya aka tashi sun cinye igiyar kakaf.

Zanzaro ya tashi da fushi. Bai nufi daji ba, sai ya faɗa bukkar mutum, ya fara gini a jikin ginshiƙi, ido na ganin ido, yana kwaɓa laka yana ƙugi don a ji a ɗaga kai. Mata suka kalla suka koyi ginin tukunya, maza suka kalla suka koyi ginin bango. Gara kuwa kunya ta kama ta, ta shige ƙarƙashin ƙasa. Har yau a ɓoye take tafiya, tana cin jinkar mutane don haushi.

Hadiza, da yake tun tana yarinya ba a wuce ta da magana, ta ce, "To Kaka, me ya sa gidan zanzaro da yatsa ake fasa shi, suri kuwa sai da diga?"

Kaka ta ce, "Yawwa, 'yar Malam, ka yi tambaya. Akwai abu ɗaya da Gara yake sa a laka a ɗakin ciki, shi kaɗai. Wannan Zanzaro bai gani ba, shi ya sa bai faɗa ba. Abin da ya ɓoye da wayo yana nan. Wanda ya ce igiya zai riƙe masa, shi ne ya tafi."

Ni kuwa haushin Zanzaro ya cika mini ciki. Na ce, "Da ni ce Gara, sarƙa zan sa!" Gida ya ɗauki dariya, har Baba. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta tono gwaza daga toka, ta kakkaɓe, ta miƙo mini, ta ce, "Na sani, Rifkatu. Don kai na yi wannan." Na cinye gwazata ina jin daɗin an yi tatsuniya domina.

Kaka ta rasu shekarar da na yi aure. Na dawo Kafanchan, na fara dafa ruwan citta a tukunya ɗaya ina durawa a robobi, har Ubangiji ya sa albarka na kama shago na ɗauki ma'aikata shida. Masu ruwan citta a garin nan sun fi a ƙirga, amma nawa daban ne, kuma ba zan yi kara ba wajen faɗa. Asirin yana cikin awo. Akwai citta tafin giwa, mai ƙamshi da sauƙin yaji, akwai yatsun biri, mai zafi. Nawa za a sa na wannan, nawa na waccan, tsawon lokacin da za su jiƙa da tsamiya, da lokacin da kanumfari zai shiga, shekara uku na yi ina zubar da tukwane kafin na daidaita shi. Da awon nan na yi wa 'ya'yana makaranta.

Mutum ɗaya ce ta san shi bayan ni, Saratu. Ta gama kwalejin horon malamai a garin Gidan Waya ba ta sami aikin koyarwa ba, wata a zumuntar matan cocinmu ta kawo mini ita. Shekara tara muna tare. Lokacin da na yi jinyar wata biyu a asibiti, ita ta riƙe shagon, ba wanda ya ji ɗanɗano ya canza. Ban taɓa sa ta sa hannu a kan komai ba, don a ganina 'yar cocinmu ce, wace takarda kuma? Takarda ɗaya ce a tsakaninmu, satifiket ɗinta na kwaleji, na asali, wanda na karɓa a makonta na farko a madadin mai tsaya mata, kamar yadda na ga wasu masu shaguna suna yi. Yana cikin durowata a kulle.

Wata Litinin ta same ni a ɗakin awo ta ce mijinta ya sami wurin gareji a Mararaban Rido, kusa da Kaduna, za su tashi ƙarshen wata. Kuma wani mai kamfanin lemo a can ya ce zai ɗauke ta aiki, ta kawo satifiket. Ban ji sauran maganar ba. Abin da na gani kawai shi ne ruwan cittata a cikin kwalbar wani, da sunan wani, a motoci ana shigo da shi Kafanchan a rabin farashina. Tsoro ne ya kama ni, amma da fushi ya fito. Na ce mata butulu, na ce satifiket kuwa sai ta zo da soja ta karɓa. Ta tsaya tana kallona, ta cire rigar aiki ta ninke, ta fita.

Washegari na je inda ake buga takardu, na sa aka rubuta mini yarjejeniya da kaina: Saratu ba za ta taɓa aikin citta ba a ko'ina cikin Jihar Kaduna har shekara goma, sai ta sa hannu za ta ga satifiket. Na kai wa Hadiza, wadda yanzu lauya ce a nan garin, don ta buga mini hatimi abin ya yi nauyi.

Ta karanta ta cire tabarau. "Rifkatu, wannan ko alƙali ɗan ɗakinku ne ba zai karɓa ba. Ba a hana mutum cin abinci da abin da hannunsa ya iya. Abin da za ki iya karewa awonki ne da sunayen masu sayen kayanki, shi ma da tun ranar farko kika sa ta sa hannu da ya fi ƙarfi. Satifiket kuwa dukiyarta ce. Idan ta kai ƙara, ke za ki tsaya kina amsa tambaya."

Na ce, "Wato in zauna in naɗe hannu ta tafi da guminta da nawa?"

"Ta ce miki za ta ba shi awon?"

Ni kuwa ban ma tambaye ta ba. Hadiza ta turo mini takardata, ta ce, "Ashe dai da gaske kike yi ran nan. Sarƙar kika sa."

Na fito ina huci, har na yi niyyar neman wani lauyan da bai san ni ina yarinya ba. Kwana uku maganar nan tana cina. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ce. Ni na buɗe wa Saratu ɗakin ciki da hannuna lokacin da nake bukatarta, yanzu kuma na koma neman igiya. Na koma wa Hadiza ran Juma'a, ta rubuta wata takarda 'yar shafi ɗaya: Saratu ta yi aiki inda ta ga dama, da citta ko da me, amma awona da sunayen masu sayena ba za ta bayar ba. Niyyata in bari sai bayan Lahadi, girman kaina ya ɗan huce tukuna. Amma da na tuna zan zauna a layi ɗaya da ita a sujada da satifiket ɗinta a durowata, sai na kasa. Ran Asabar da safe na hau babur.

Na same ta tana ɗaure kwanuka a buhu. Na miƙa mata satifiket tun kafin in zauna. Na ce, "Ga kayanki. Na yi miki laifi, ki gafarce ni. Wannan ɗaya takardar kuma roƙo ne, in kin ga dama ki sa hannu, in ba ki ga dama ba satifiket dai naki ne."

Ta karanta a tsaye, ta nemi biro ta sa hannu. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da Littafinta Mai Tsarki, ta zaro wani fallen takarda daga ciki ta ba ni. Rubutunta ne. Awona ne gaba ɗaya, mudu da cokali da awa, ba abin da ta bari.

"Mama," ta ce, "ogan kamfanin nan tun ranar farko ya tambaye ni awon, na ce masa ba nawa ba ne, ba zan bayar ba. Amma da kin ce in zo da soja, na dawo gida na rubuta. Ya ce in na kawo wannan ba ya bukatar satifiket. Jibi Litinin zan kai masa."

Na zauna a kan buhun kwanukan. Muka yi kuka mu biyu, har mijinta ya leƙo ya koma.

Yau shekara huɗu ke nan. Saratu tana can tana aikinta, ruwan cittar kamfaninsu yana shigowa Kafanchan, na saya na sha, nasu ne, ba nawa ba. Awo yanzu ni kaɗai nake yi, ma'aikata su karɓi haɗin a kwaɓe. Duk wanda zai fara aiki yana sa hannu a shafin Hadiza tun ranar farko, muna dariya, kafin wani abu ya shiga tsakani. Ban ƙara karɓar satifiket ɗin kowa ba.

Ina gode wa Hadiza da ba ta ji tsoron bakina ba, ina gode wa Saratu. Amma godiyata mafi yawa ga tsohuwar nan take, wadda ta dubi yarinya 'yar shekara takwas ta hango matar da za ta zama, ta yi mata tanadi. Shekara tara amana ta riƙe mini asirina ba tare da takarda ba, ni kuma cikin mako guda na kusa tura shi Kaduna da hannuna. Halina bai canza duka ba, har yanzu ina da riƙo. Sai dai duk lokacin da na ji hannuna yana ƙaiƙayin damƙe wani, nakan tuna cewa da na bi son raina na jira bayan Lahadi, da Litinin ta riga ni.