Ranar da Aka Shafe Sunan Garinmu

Duk lokacin da na ji warin sabon fenti, kakata nake tunawa. Ina ƙarama na raka ta kasuwa da damina, muka tarar da wani mutum a kan tsani yana shafe sunan Abuja daga allon bakin gari. Kaka ba ta iya boko ba, amma ta san siffar sunan, kamar yadda ta san shi da ajami a rubutun hannun marigayi mijinta.

"Malam, me ya yi maka kake goge shi?"

"Iya, an ba sabon birni sunan. Mu yanzu Suleja muke."

Muka koma gida. Tana tsinke zogale ta faɗa mini cewa Abuja sunan sarkin da ya kafa garin ne, mutum ne jajir, shi ya sa aka ƙara masa "ja". Daga nan ta zo kan abin da ke cin ta. Tana da ƙane ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi fataucin goro kurmi tun kafin a haifi mahaifina, bai dawo ba.

"In ya zo ya ce a kai shi Abuja, can za su wuce da shi. Wa ya san ni a can?"

Tun daga ranar, kowace Juma'a sai mun je tasha. Ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya tana cewa in sun ɗauko tsoho mai tabo a goshi, su sauke shi a tsohuwar Abuja. Wasu su ce to, Iya, wasu su yi dariya. Mukan zauna ƙarƙashin mangwaro har la'asar, tana duban fuskar duk wanda ya sauko. Da ƙafa ta gaza, ni take aikawa. Bai zo ba har ta rasu.

Yau ina haya a unguwar Kwamba, nan Suleja, an sayar da gidanmu. Kwanan baya autana ya tambaye ni inda aka haifi kakar tawa, na ce Abuja. Ya yi dariya, wai ashe mu jikokin masu kuɗi ne. Na duba ɗakin, babu wanda zan kira ya shaide ni.