Hajiya 'Yardada Mai Alkaki da Albam Ukun Ɗanta

Tun makon jiya kuke ta cacar baki a kan AB Soro, wai a albam ɗinsa uku wanne ya fi tasiri. 'Yan "Kwata" sun ce tun daga na farko bai ƙara yin abin kirki ba. 'Yan "Sabon Ɗinki" sun ce a je gidan biki a ji. Masu ji da kansu kuma sun ce "Cikin Gida" ne ya mai da gambara ta zama ta manya. Duk na karanta. Ba wanda ya tuna da matar da albam ukun nan suka sauka a tsakar gidanta. To bari ku ji.

Hajiya 'Yardada ake ce mata. A Yakasai take, can cikin lungun da a-daidaita-sahu ba ya shiga, sai an sauke ka a bakin titi ka taka. Sana'arta kayan gara, alkaki da dubulan da nakiya. In ka taɓa cin alkakin biki a cikin gari, wanda zuma ta ratsa har ciki amma bai saki jiki ba, to wataƙila daga kaskonta ya fito. A wajen uwarta ta gaji sana'ar. Kuma ba ta aika kaya, da ƙafarta take kaiwa, ta jera da hannunta, ta gaisa da uwar amarya, ta zauna cikin mata a yi wuni da ita. Duk bikin da ba a ga 'Yardada ba sai an tambaya ko lafiya.

Abdulbaqi, wanda kuka sani da AB Soro, shi ne ɗanta na fari. Ga waɗanda suka tashi a GRA, bari na yi bayani. A gidaje irin nasu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗar sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa. Ana yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa. Ya tashi yana ce wa uwarsa Yaya, kamar yadda ya ji ana faɗa a gidan. Ƙanwarta Husaina ce mai ɗauka, mai goyo, mai lallashi. In 'Yardada za ta yi maganarsa sai ta ce, "Husaina, ɗan nan naki ya ci abinci kuwa?" Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta. Ba wanda ya taɓa kiran abin da wani suna ban da kunya.

"Kwata" ya fito yana saurayi, a wani ɗan sitidiyo wajen Ƙofar Na'isa ya yi shi. Kun san abin da ke ciki: kwatar da ta toshe, samarin da ƙwaya ta cinye, rashin wuta, lungu-lungu da sunayensu. Gaskiya wannan albam ya yi aiki. Samari suka fara gayyar yashe kwata ranar Asabar, suna sa shi a lasifika. Har yau in yaro ya ce maka "a yashe", daga nan ya samo. Amma a cikin unguwa abin kunya ne. Jikan malamai, wai gambara! Dattawa suka yi ta aike gidan. A gidan biki mata su matso, "Hajiya, ashe yaron namu mawaƙi ya zama?" Ita kuwa sai ta ci gaba da jera dubulan ta ce, "Ku tambayi Husaina, ita ke da ɗa." A lokacin al'adar ta yi mata rana, ta samu inda ta fake.

"Sabon Ɗinki" shi ne na rawa. Shekara biyu ba bikin da dije bai sa shi ba. Teloli suka samu aiki, don kowane saurayi irin yankan rigar da ke jikin fastar yake so, har da karkata hula. Matan da suka yi mata gori su ne suka dawo suna, "Hajiya, don Allah ki sa baki ya zo mana dina." Ta ce ita ba ruwanta. Wata rana a wani wuni mai gabatarwa ya gane ta, ya ɗaga murya a lasifika, "Jama'a ga mahaifiyar AB nan da kanta! Hajiya a fito fili!" Ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice ta ƙofar baya, ta bar fantekarta biyu a can, sai washegari aka kawo. Ta ji kunya, amma irin wadda ake ba da labari ana dariya. Husaina ta rantse ta taɓa kama ta tana juya zuma da muciya daidai da kiɗan, da ta ga an gan ta sai ta ce wuta ce ta yi yawa.

Sai "Cikin Gida", bara. Na yarda da ku, a wajen iya waƙa ya fi sauran. Ya rage hayaniya, ya sa garaya, ya yi maganar gida. A ciki akwai waƙar da ya sa wa suna "Yaya". Farkonta yake cewa:

Wadda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba,
Na kwanta zazzaɓi, ta shigo ta kalli bango.

Wanda ya saurara har ƙarshe ya san inda ya dosa. A baitin ƙarshe cewa ya yi ya girma ya gane, ya ce a gidansu so ba ya magana. Amma wa ke sauraro har ƙarshe? Wani ya yanko layi biyun farko ya ɗora a Tiktok. Shi ke nan. 'Yan mata suka dinga sa shi suna hawaye a gaban kyamara. Aka yi shirin rediyo a kai, mutane na bugo waya. Ba zan ce duk sharri ba ne. Na ga maza manya da gemu sun rubuta cewa su ma 'yan fari ne, kuma abin ya daɗe yana ci musu rai. Na ga masu jego sun ce su kam da sunansa za su kira nasu. Wannan magana ce da ya kamata a yi, kuma waƙar ce ta buɗe ta.

Amma ba a tsaya nan ba. Wata ta tono hoton 'Yardada a wani biki, tana tsugune gaban daro, ta rubuta a sama: muguwar uwa. Aka yi ta yaɗawa. Waɗanda ba su san hanyar Yakasai ba suka yanke mata hukunci. Wasu samari suka zo har soron gidan da sunan sayen alkaki, waya a hannu tana ɗauka. Ita ba ta ma san me ake ciki ba, wayarta 'yar ƙarama ce mai madannai. A gidan wani biki ta sani. Tana jera kaya wata ƙawar amarya ta nuna ta da baki, ta ce da ƙarfi, "Lah, ita ce fa! Wannan hannun ne ya yi mana alkakin?" Aka miƙo mata waya ta ga hotonta, ta ji muryar ɗanta a kai. Tsofaffin wajen sun san gaskiya, amma su ma kunyar ta hana su cewa komai, sai salati. 'Yardada ta ƙarasa jera kayan tsaf, ta yi sallama, ta tafi gida. Daga ranar ba ta ƙara taka gidan biki ba.

Ku duba inda aka sa ta. In za ta wanke kanta, sai ta fito ta ce tana son ɗanta. Abin da duk rayuwarta aka koya mata mace mai mutunci ba ta yi ke nan. In ta yi shiru ita ce muguwa a waya. In ta yi magana ita ce marar kunya a cikin gida.

Abdulbaqi yana Legas abin ya faru. Ya rubuta, ya yi bidiyo, ya ce a saurari ƙarshen waƙar. Aka ce kare ta yake, ɗan halak ne. Da ya ga ba ya ci, sai ya taho Kano. Husaina ce ta ba ni labarin abin da ya faru, kuma ita ta ce na rubuta.

Bayan la'asar ya shigo. 'Yardada na bakin murhu. Ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon kasko. Husaina ce ta tare shi.

"Sannu mai albam. An zo a ɗauki sauran mu ne?"

"Haba Inna Husaina."

"Haba me? Kai da ka ce ta kalli bango. Tazargaden da na dinga ɗura maka, uban wa ya jiƙa? Ni na san inda ake sayarwa ne? Ta bayan ƙyaure take miƙo min."

"Na sani, Inna. Ai na faɗa a ƙarshe."

"A ƙarshe! Mai zagin mutum a ƙofar gida ya ba shi haƙuri a ƙuryar ɗaki."

Sai ya ce shi dai ya zo da shawara. Ɗan gajeren bidiyo, shi da Yaya. Ba sai ta yi dogon bayani ba. Ta kira sunansa sau ɗaya, ta sa masa albarka, a ɗora, bakin kowa ya mutu, ta koma harkarta.

Husaina ta ce, "Sau ɗaya ne fa, Yaya. Ki runtse ido kamar shan maɗaci. Kin zauna a gida kamar mai takaba, mata sai tambaya suke."

'Yardada ta kwashe alkakin da ke wuta, ta sauke kaskon. Sannan ta ce, "Ɗauko min mayafina mai kyau."

Aka shimfiɗa tabarma. Ya zauna gefenta, kuma Husaina ta ce tun da aka yaye shi ba ta taɓa ganin su kusa haka ba. Ya miƙa wa Husaina wayar ya nuna mata inda za ta danna. Ya yi sallama ga masu kallo, ya ce ga mahaifiyarsa, ya juyo.

'Yardada ta kalli wayar. Ta buɗe baki. Ta ce, "Allah ya yi wa..." ta tsaya. Ta gyara mayafi. Ta sake, "Allah ya yi wa..." Gumi ya keto mata. Leɓenta na motsi, ba abin da ke fita. Mace mai jikoki, wadda ke tsawata wa 'yan aiki goma a ranar gara, ta koma kamar yarinyar da aka tsayar gaban aji. Ta kalli ƙanwarta ta ce a hankali, "Husaina, ba zai fito ba." Sai hawaye. A gabansa. Ta sa mayafin ta rufe fuska gaba ɗaya, kafaɗunta na rawa, tana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, ita ta kasa.

Shi ya tashi ya karɓi wayar daga hannun Husaina. Ya goge bidiyon a gabansu. Husaina ta ce fuskarsa kamar an watsa masa ruwan zafi, ya kasa kallon kowa. Ya ce, "Yaya, ki yafe min. Na farko ban tambaye ki ba, yanzu kuma na zo na ƙara." Ba ta buɗe fuskar ba. Ta dai ɗaga hannu ta yi masa alamar ya je. Ya fita soro ya zauna har aka kira magariba, ko takalmi bai sa ba.

Ya cire waƙar daga shafukansa. Bai hana komai ba, layi biyun suna wayar kowa. Waɗanda suka zage ta sun koma kan wani, ba wanda ya dawo ya ce ya yi kuskure. 'Yardada tana nan tana suya, hannunta bai canza ba. Amma yanzu Husaina ce ke kai kaya gidan biki, ita ke jerawa, ita ke zama cikin mata. In an tambayi Hajiya sai ta ce ƙafa ce ke damunta.