Akwatin Bas da Na Sayo a Dapango

Gatari yana sama lokacin da na faɗa a kan akwatin na rungume shi, ina cewa don Allah don Annabi su sare ni a ƙafa ko a hannu amma kada su taɓa shi. Samari ne suka tare hanya da duwatsu da tsofaffin tayoyi, gaba kaɗan da Bombuwaka, rana tsaka, sun sauke mu duka daga bashe, motar nan ta a-kori-kura, suna bincike, don lokacin nan na yajin aiki da rigimar siyasa kowa zargin kowa yake, ana cewa ana shigo da makamai daga arewa a cikin kaya. To ga akwati baƙi mai nauyi, an rufe shi da kusoshi, kuma yana bugawa dum, dum, dum, alhali ba waya a jikinsa, ba kuran, wato wutar lantarki, ba komai. Ku da kanku me za ku ce? Babbansu ya ce a fasa a gani. Ni kuwa na riga na san abin da su ba su sani ba, in gatarin nan ya sauka a kan katakon, ni ne zan faɗi.

Wallahi tallahi abin nan ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma bari in koma baya kaɗan ku ji yadda na kai kaina wurin.

Ni ɗan zangon Sokode ne. Lakol, makarantar boko ke nan, ban yi nisa ba na gudu, na taɓa kanikanci na bari, na taɓa dakon kaya a tasha na bari, ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Yayana Salifu shi ne ya ja ni jikinsa, yana da ɗan gidan bidiyo a zauren gidanmu, benci-benci da talabijin da labule, ana kallon Indiya da 'yan karate. Da yajin aiki ya yi tsawo mutane ba wurin zuwa, sai zauren ya riƙa cika, amma sautinmu abin kunya ne, in jarumi ya kai naushi sai ka ji kamar an jefa cokali a kwano, 'yan kallo suna ta yi mana dariya. Yaya ya ce dole mu samu akwatin bas, sifikar nan mai kaurin sauti da muke ce wa bafle, mai sa benci rawa, amma mai araha don ba mu da ƙarfin sabo. Aka ce mana a Dapango ake samu, kayan da ke shigowa ta Sinkase, ga kuma mutane suna ta sayar da abin hannunsu saboda zaman ya yi wuya.

Kafin in hau mota ya zaunar da ni ya karanta mini yadda ake zaɓe, kamar mai aika yaro sayen rago. Ya ce kada fenti ya ruɗe ni, ko manyan lambobin da ake rubutawa a jiki, duk ƙarya ce. In ɗaga in ji nauyi, in ƙwanƙwasa katakon, in ya yi amo kamar gwangwani in bar shi, mai kauri shiru yake yi. In duba takardar sifikar ba yagewa, robar gefenta ba ta ruɓe ba, in danna ta a hankali da yatsu in ji ko tana karce. In leƙa maganaɗisun baya ya zama babba. Ramin da ke gaba kuma ya riƙa fitar da iska sosai. Ya ce in ba wuta a garin, in ciro batirin tocila in taɓa shi da wayoyin nan biyu na baya, takardar za ta yi tsalle gaba ta ce dum, in ta yi haka lafiyarta lau. Ya ce bas a ƙirji ake jin sa, in kunnena kawai ya ji, in taho abina.

Na isa Dapango, gari ba wuta kamar yadda ya faɗa. Na zaga kasuwa, duk wanda na ƙwanƙwasa gwangwani ne, mai kyau kuma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Da hantsi wani ya nuna mini wani lungu bayan kasuwa, ya ce akwai mai gyaran rediyo, Kwambate sunansa, yana da ɗaya yana neman rabuwa da shi.

Na same shi kwance a tabarma a ƙofar shago, mutum bai tsufa ba amma ya rame, idanu sun faɗa, magana ma sai ya huta a tsakiya. Akwatin yana can ciki an ɗora shi a kan tsummokara, an lulluɓe shi da bargo kamar jariri, abin ma ya ba ni dariya a lokacin. Na yaye bargon. Kai jama'a, duk abin da Yaya ya lissafa yana nan har ya wuce. Na ƙwanƙwasa, sai na ga mutumin ya runtse ido ya ce a hankali, a hankali. Kuɗin da ya faɗa kuwa ko na katakon bai kai ba, har na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce to ya gwada mini da batir in gani. Ya girgiza kai.

"Kai za ka saya, kai za ka gwada. Da hannunka."

Ban kawo komai a raina ba, na ciro batir daga tocilata, na kama wayoyin na taɓa. Takardar ta yi tsalle, dum, na ji shi har cikin haƙarƙarina, na ce alhamdu lillahi. Na cire batirin na sa a aljihu. Sai ta sake, dum. Ta sake. Na waiwaya in tambaye shi ko haka yake yi, sai na ga mutumin da ko zama ba ya iyawa ya miƙe tsaye, yana jan numfashi kamar wanda ya fito daga ruwa, yana kiran wata mata mai abinci ta kawo masa tuwo. Ya ce mini ragowar wuta ce a maganaɗisu, za ta huce a hanya. Shi da kansa ya ɗauki akwatin ya kai mini tasha, bai ko tsaya ƙirga abin da na ba shi ba, amma bai yarda ya haɗa ido da ni ba. Abu ɗaya ya maimaita, kada in bari ya jiƙe, kada in bari ya faɗi.

A mota na gane. An ɗora shi a bayan bashe kusa da ƙafata, duk ramin da muka faɗa akwatin ya bugu da ƙarfe sai in ji kamar an soke ni a ƙirji. Na ɗora tafin hannu a takardar, ɗayan hannun a ƙirjina. Tare suke tafiya. Da tsoro ya kama ni zuciyata ta ƙara sauri, shi ma ya ƙara. Na riƙe numfashi na yi ta salati har ta lafa, shi ma ya lafa. Ramin gaban nan kuwa, iskar da ke fita ɗumi gare ta, irin ɗumin bakin mutum. Wata tsohuwa mai buhun gyaɗa da ke gefena ta dube ni ta dubi akwatin, ta ja buhunta ta koma can ƙarshe.

To a haka muka iso wurin samarin nan. Ina kwance a kansa ina roƙo, wani ya kai wa gefen akwatin shuri, wallahi sai da na ga duhu, na yi amai a kan titi. Babbansu, wani dogo mai jan ƙyalle a kai, ya ɗaga wa mai gatarin hannu. Ya tsuguna ya kara kunne a ramin, yana saurare yana kallona, sai na ga idonsa ya tsaya a wuyana, inda jijiya ke harbawa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya taɓa wuyan, kunnensa yana jikin akwatin. Sai ya miƙe da sauri yana goge yatsan a wando, ya faɗa wa yaransa wata magana da yarensu, suka ja baya. Ya ce da direba da Hausa ya kwashe mu mu tafi, kuma kada ya sake biyowa da wannan abu ta nan. Ba wanda ya taya ni ɗagawa, ni kaɗai na mayar da shi mota. Daga nan har Mango, har Kara, har muka gangara Sokode, a cinyata na riƙe shi, ƙafafuna sun mutu amma ban sauke ba.

Yaya Salifu da ya gani sai murna, yana zagaya shi yana cewa ashe wannan ɗan yawon yana da rana, yau 'yan dariya za su san mu. Kafin in buɗe baki ya kwance tocilarsa ya ciro batir ya miƙa hannu bayan akwatin. Na yi tsalle na doke hannun, batirin ya gangara ƙarƙashin benci. Ban taɓa ɗaga wa yayana hannu ba sai ran nan. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Kai, giyar cukutu ka sha a Dapango?"

Na faɗa masa komai, yana dariya yana cewa maganaɗisu ne. Na ce to ya sa hannu ɗaya a takardar, ɗaya a ƙirjina, ban da wayoyin. Ya sa. Na ce ya tsaya nan, na fita na zaga gidan da gudu na dawo ina haki. Na same shi ya janye hannu ya zauna a benci, akwatin yana ta sauri shi kaɗai, labulen ƙofa yana motsi da iskarsa. Ya ce tun ina ta bayan gidan ya ji ya fara.

Ba irin addu'ar da ba a yi ba. Malamin unguwarmu ya zo ya yi karatu ya tofa, ya saurara, ya ce shi gaskiya bai san wannan ba, kada dai a haɗa shi da amfili, na'urar ƙara sauti, kada a ƙona, kada a binne. Muka kai shi ɗakin Innarmu na ajiya muka ɗora a kan tsummokara, na ga kaina ina lulluɓa masa bargo, sai na tuna dariyar da na yi a shagon Kwambate.

Abin da ya kore ni daga gida shi ne Yaya. Mun gane yadda abin yake tafiya, wanda ya taɓa batir shi ya ɗauka, mai shi na da ya huta. Na san akwai masu gidan bidiyo a garin da za su zo da gudu da batirinsu in an ce ana sayarwa, kuma ba zan ce tunanin bai zo mini ba, amma duk wanda na hango a raina na san uwarsa. Shi kuwa Yaya ya daina cin abinci sosai, wata safiya na same shi a ƙofar ɗakin ajiya da tocila a hannu. Ya ce, "Ni na aike ka, ni na koya maka gwajin nan. Matsa in karɓa." Mutum mai mata da goyo. Muka yi kokawa a tsakar gida har Inna ta fito tana kuka, na ƙwace tocilar na jefa a rijiya, na sa wa ɗakin kwado na ba Inna makulli ta ɗaure a bakin zani. Na ga in ina gabansa yana kallon yadda nake ramewa ba zai haƙura ba, sai na ce zan koma Dapango in nemo mutumin ya faɗa mini maganin abin.

Shagon a rufe na same shi. Mai abincin nan ta ce ranar da na tafi, kafin la'asar, ya ɗaure kayansa ya ɗora a ka ya nufi Sinkase da ƙafa, mutumin da ya daɗe ko bayan gida sai an riƙe shi. Ta ce shi ma wani ne ya kawo masa akwatin gyara, wani da ya gudo daga kudu, ya ce ya gwada masa, bai sake dawowa ba. Na tambaya ko ta san wa ya ƙera shi, ta ce in tashi mata daga gaban tukunya.

Shekaru sun wuce yanzu, na yi yawo ƙasashe, na yi aure, ina nan da raina, sai dai nauyi ba na iya ɗauka kuma damina ba ta yi mini daɗi, in sanyi ya shiga ɗakin can ina ji a nan. Akwatin yana inda muka ajiye shi. Ban san mene ne ba, ban san wa ya fara ba. Ni dai shawarata, in za ku sayi akwatin bas na hannu, ku ɗaga, ku ƙwanƙwasa, ku duba takarda, duk wannan daidai ne, amma gwaji mai kaya shi zai yi, kuna tsaye kuna kallo. In ya ce sai dai ku da hannunku, ku sa takalmanku.

Ranar da na tarar da shagon a rufe, a tashar Dapango na samu wani direban zangonmu zai koma Sokode, na sa ya maimaita saƙon a gabana har ya zauna masa, don rubutuna ba mai kyau ba ne:

"Ka ce wa Yaya Salifu ban same shi ba, kuma ba zan dawo yanzu ba. Makulli ya zauna wurin Inna. Ya gyara kwanon ɗakin kafin ruwa ya sauka, ya zuba toka a ƙasa saboda gara, kada yara su shiga. In yana son sanin lafiyata ba sai ya tambayi kowa ba, ya kara kunne a ƙofar. Ranar da ya ji shiru, ya tara mutane a yi mini addu'a."