Dubiyar Ɓeraye

Shekarar da farashin yuraniyom ya faɗi, aiki ya yi sanyi a labo ɗinmu na asibitin kamfani a Arlit. An sallami ma'aikata da yawa, waɗanda suka rage kuma suna tsoron zuwa asibiti, kada a ce ba su da lafiya a haɗa da su. Damina ta ƙi, makiyaya daga wajen Dannet suna shigowa gari da raƙuma duk ƙashi, ga tawaye a daji, mota ba ta zuwa Agadez sai da rakiyar soja. Ni aikina awon jini da fitsari ne, amma sai in wuni ban ga ko ɗigo ba.

Shugabanmu a labo wani likita ne mutumin Damagaram, dogo, mai yawan mantuwa, wanda yakan nemi tabarau alhali yana kan hancinsa. Zaman banza ne ya tado masa wani tsohon buri tun na makaranta. Wata safiya ya zaunar da ni ya zana mini hoto a bayan takardar magani. Ya ce akwai wata ƴar tsoka bayan tumbi, cikinta da ƙwayoyi masu yin insulin, wato ruwan da ke rage sukari a jini. In suka mutu, ciwon sukari ya kama mutum ke nan. Shi so yake ya ciro su daga ɓera mai lafiya ya dasa wa mai ciwo a jikin ƙoda.

"Kamar dashen albasa ne, Madam," in ji shi. "Kin taɓa dasa albasa?"

Na ce na taɓa, a Maraɗi, amma albasa ba ta cizo.

Da kansa ya je Yamai ya zo da fararen ɓeraye goma sha biyu cikin keji. Ya ce a wani shinge soja ya ɗaga zanen da ya rufa musu, ya yi tsalle baya, ya tambayi takardunsu. Likita kuwa ya ciro takarda mai hatimi uku ya miƙa masa. Sojan ya karanta, ya ƙirga ɓerayen, ya sara musu.

Muka yi wa shida allurar da ke sa ciwon, sauran shida aka ciro musu ƙwayoyin, muka yi dashe. Ni ce mai riƙe fitila ina korar ƙuda, Likita yana ɗinki da zare siriri kamar gashi, yana ce wa ɓeran da ke cikin barci ya yi haƙuri. Daga nan kowace safiya sai in tsaga bakin wutsiyar kowane, in ɗauki ɗigon jini, in auna, in rubuta. Ya kamata sukari ya riƙa sauka. Sai hawa ya yi ta yi. Ɓerayen kuwa suka yi ɓul-ɓul, gashinsu na sheƙi, a shekarar da ko akuyar gari ana ƙirga haƙarƙarinta.

Likita ya rame. Ya zargi na'ura, ya zargi firigo, wato firji, saboda ɗaukewar kuran, wutar lantarki ke nan, ya zargi ruwan famfo, daga baya ya fara kallona ta saman tabarau.

Wata Juma'a kowa ya tafi masallaci, na dawo ɗaukar mayafina da na manta, sai na ji murya cikin ɗakin ɓeraye. Na leƙa. Maigadin asibiti ne, wani tsoho mutumin Tawa da ya shekara goma yana fama da ciwon sukari, ya tsuguna gaban keji.

"Sannunku," yake cewa. "Ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi. Kai na lungu, yau ba ka da fara'a."

Sai ya sa hannu aljihu ya ciro dabino, yana ɓarewa yana tura musu ta tsakanin waya.

"Baba!" na ce. "Me kake ba su?"

Ko gezau bai yi ba. "Ɗiyata, na ji an ce ciwonmu guda. Mutum shi zo dubiya hannu rabbana? Ni an hana ni, tsohuwa ko shayi ba ta sa min sukari. Na ce su dai su ci, kwana nawa ɓera ke yi a duniya?"

Ashe tun ranar da aka yi musu aiki yake zuwa, wani lokacin har da ƙanzon shinkafa da ragowar biskit.

Da na gaya wa Likita sai ya zauna a kan kwandon shara bai sani ba. Ya sa aka kira tsohon. Na ɗauka faɗa zai yi, sai ya ɗauko takarda ya sake zana hoton nan, ya yi bayani tiryan-tiryan. Baba ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce:

"To Likita, in ya yi, a sa min nawa. Amma na rago, don Allah. Kar in tashi ina ɓarnar buhun mutane."

Likita ya yi dariya har da hawaye. Aka yi sulhu: Baba zai riƙa zuwa dubiya, amma ni zan laluba aljihunsa a bakin ƙofa. Sau biyu ina kama dabino cikin hularsa.

Bayan mako uku, biyar ba su canza ba, amma na lungun nan sukarinsa ya sauka ya tsaya daidai. Na auna sau uku. Likita ya fita baranda da farar riga yana taka rawa shi kaɗai, har masu jiran allura suka tashi suka koma nesa.

Bai samu ya maimaita gwajin ba. Kafin ƙarshen shekara sunansa ya fito cikin waɗanda aka sallama. Biyar ɗin sun riga sun mutu ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce wanda ya warke zai kai wa wani malaminsa a Yamai ya gani da idonsa. Keji ya yi masa girma, don haka ya sa shi cikin aljihun kwat ya ɗinke baki da zaren aiki, ya bar ƴar kafa ta iska.

Kwana biyu da tafiyarsa ya bugo waya ofis, murya a dushe. Ya ce a tashar Agadez ya tsaya sayen tsire, ɓeran ya ji ƙamshi, ya huda aljihun ta ƙasa, ya bi ƙafar wandonsa ya shige ƙarƙashin buhunan wani ɗan kasuwa. Ya wuni yana rarrafe yana kira, har ayarin motoci ya tafi ya bar shi.

"Madam," in ji shi, "littafin awon yana wajenki ko?"

Na ce ai shi na ba wa da hannuna. Na ji yana lalube, sannan ya ce ga shi a hammatarsa.